Rigar Baba Nevena

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
19 ga Afrilu, 2016

Gwaggo Ɗelu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar, ya zafin Kano? Mu nan lafiya ƙalau, Alkasim yana ta fama da rubutun digirinsa, Khaulah ta fara rarrafe. Na san ba kya son dogon zance a waya, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo kamar yadda muka saba.

Gwaggo, na yi ɓarna, kuma ke kaɗai za ki gane girmanta tunda ke kika koya min riƙon allura.

Kin tuna tsohuwar Baturiyar nan da muke ƙofa da ƙofa, wadda ta kai ni asibiti ranar haihuwar Khaulah lokacin da Alkasim ya tafi taro Penang? Nevena sunanta, 'yar ƙasar Bulgeriya, tana zaune da ɗanta Stoyan mai aikin kwamfuta. A harshensu kaka ake ce wa baba, don haka Baba Nevena kowa ke kiranta, har mai gadi. Awa goma sha ɗaya matar nan ta yi riƙe da hannuna a ɗakin haihuwa, alhali Turancinta bai fi nawa Malayancin ba.

Mutanen ƙasarsu a garin nan ba su fi arba'in ba, amma duk ƙarshen Mayu sukan haɗu su yi rawar gargajiyarsu. Horo suke ce mata. A kama hannu a yi dogon layi yana lanƙwasa, na gaba yana kaɗa hankici. Baba Nevena ce ta gaba, don tun tana budurwa ita ke jan rawa a ƙauyensu. Duk Lahadi suna gwaji a zauren da ke ƙasan benenmu, nakan sauka da Khaulah in yi kallo. Kiɗan nasu kamar yana ɗingishi, biyu da sauri ɗaya a hankali, har yau na kasa tafa shi daidai.

Ran Alhamis ta kawo min kayan rawarta. Akwai baƙar doguwar riga ta ulu marar hannu, da jan ƙyalle mai ratsi da ake ɗaurawa a gaba, da ɗamara mai manyan kawuna biyu na azurfa. Waɗannan lafiyarsu lau. Farar rigar ciki ce ta farke a hammata. Saƙin hannu ce, ta kai shekara hamsin. Ta ce hammatar kawai zan kama mata, don idonta ya yi rauni, ba ta iya zura zare.

Da kin ga surfanin hannuwan rigar nan, Gwaggo, sai kin goge tabarau kin sake dubawa. Fure takwas a jere a kowane hannu, ja da baƙi, ko zare ɗaya ba a kuskure ba. Sai na takwas na hannun hagu: a karkace, rabi ne ma, kuma da wani koren zare mai kauri, kamar 'yar koyo ce ta yi. Na ɗauka wani ne ya taɓa yi mata gyaran banza. Na ce bari in saka mata alherin da ta yi min. Ran Asabar na sa reza na warware shi tas, na yi sabo da ja da baƙi daidai da 'yan'uwansa. Koren zaren na zuba a shara, masu kwasa suka tafi da shi.

Shekaranjiya Lahadi a wurin gwaji ta gaji, ta zo ta zauna kusa da ni tana haki. Ta ce, "Mubina, kin ga na takwas?" Na ce na gani, ina murmushi, ina shirin yi mata albishir. Sai ta riga ni. Ta ce mahaifiyarta ce ta yi mata rigar don bikinta. Saura fure ɗaya shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, hannun dama ya mutu. Ta ci gaba da na hagu. Jan zare ya ƙare, babu mai zuwa birni, ta zaro kore daga ƙyallen da take ɗaurawa in za ta yi aiki. Bai kammalu ba ta rasu. Haka Baba Nevena ta sa rigar ranar aurenta.

Daga nan ta faɗa min abin da ban sani ba. Ciwon daji ne a jikinta, likitoci sun ce ba sauran abin yi. Wannan ce rawarta ta ƙarshe, a watan Yuni za ta koma gida. Ta ce a ƙauyensu mace da rigar aurenta ake binne ta. "Da koren nan uwata za ta gane ni," in ji ta, har da 'yar dariyarta. Na san mu ba haka muka yi imani ba, amma wallahi a nan na gane girman abin da na yi.

Na ce mata aikin da saura. Rigar tana cikin durowata. Yaya zan yi?

Ki gaida Malam Bello da duk mutanen gida. Ki huta lafiya.

'Yarki,
Mubina


Gwammaja, Kano
20 ga Afrilu, 2016

Mubina,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Ki shafa min kan Khaulah.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ɗinki a makarantar 'yanmata, kuma abin da nake fara faɗa wa kowane aji shi ne ba a taɓa inda mai kaya bai nuna ba. Ke ma kin ji shi daga bakina. Hammata aka ce miki. Ban ga abin da ya kai rezarki hannun riga ba in ba son a yaba miki ba. Kin kira shi sakayyar alheri, ni ban kira shi haka ba.

To, an riga an yi. Hanya biyu ce a gabanki.

Ta farko, ki ɗauki rigar yau ɗin nan ki ƙwanƙwasa ƙofarta ki faɗa mata.

Ta biyu, tunda na san za ki tambaya: ana iya mayarwa. In kina da hoton yadda yake a da, ki nemo koren ulu mai kaurin na farko, ki jiƙa shi a ruwan shayi mai sanyi marar sukari, ki shanya a inuwa, ki murza a tafin hannu har gashinsa ya kwanta. Naki ɗinkin ki warware shi da tsinin allura, kar reza ta sake kusantar rigar. Tsohon saƙi ba ya rufe inda allura ta daɗe a ciki. Ki ɗaga shi a hasken taga za ki ga ramukan farko, sun fi naki faɗi, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Ido mai lafiya ma ba zai gane ba, balle wanda ya yi rauni.

Na faɗa miki ta biyun ne don sana'ata ce, ba don na zaɓa miki ba. Ke kika san matar, ni ban taɓa ganinta ba. Amma kar rigar ta wuce mako a hannunki. Mai irin wannan ciwon ba a sa shi jira.

Ki gaida Alkasim. Allah ya yi miki jagora.

Gwaggonki,
Ɗelu


Wangsa Maju
2 ga Mayu, 2016

Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Na bi ta biyu. Don Allah kar ki yi fushi sai kin kai ƙarshen takardar.

Sau biyu ina ɗaukar rigar har bakin ƙofarta ina dawowa. Da na faɗa wa Alkasim sai ya ce, "Matar da ake ƙirga wa kwanaki za ki je ki ƙara wa baƙin ciki don ke ki samu sauƙin zuciya? Ki mayar mata yadda yake ki ja bakinki." Na ga kamar yana da gaskiya. Ko kuwa dai so nake ya zama yana da ita, ban sani ba.

Allah ya sa ranar da ta kawo kayan na ɗauki hotonsu don in nuna miki. Na goya Khaulah na shiga jirgin ƙasa har kasuwar Chow Kit. Shago biyar na shiga babu irin koren, a na shida wata tsohuwa 'yar Sin ta zaro min ragowa daga ƙasan kwali, ta kara a jikin hoton ta ce, "Boleh lah," wato zai yi. Na bi duk abin da kika ce, shayin, inuwar, ramukan. Da hannun hagu na yi ɗinkin don karkatar ta fito da kanta. Kwana huɗu ya ci min. Da na gama na ajiye kusa da hoton, Alkasim ya duba ya duba ya kasa nuna bambanci.

Ran Alhamis bayan la'asar na kai mata. Na same ta a falo tana sauraron gaida, wata irin algaita ce tasu mai jakar fatar akuya da ake matsewa a hammata, ita marigayi mijinta yake busawa. Ta duba hammatar rigar ta yaba, ta ce kamar ba ta taɓa farkewa ba. Sai ta ɗora hannun hagun a cinyarta, ba ta ko kallo, babban yatsanta yana bin furannin ɗaya bayan ɗaya. A na takwas ya tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa. Sannan ta juya hannun rigar ciki waje ta taɓa bayan.

Gwaggo, bayan ne. Hoton da na ɗauka na gaba ne kawai. Ban san yadda uwarta ta ƙulla zaren ta ciki ba, ranar da na sa reza ban tsaya na duba ba.

Yatsanta yana wurin har kiɗan ya ƙare wani ya fara. Ni kuwa ina zaune ina yi wa Khaulah wasa kamar ban ga komai ba. Can ta ninke rigar ta ce, "Na gode, Madam Mubina." Ba ta taɓa ce min madam ba. Ta raka ni ƙofa ta rufe.

Yau kwana huɗu. Da kullum da safe sai ta ƙwanƙwasa ta karɓi Khaulah su zaga baranda, yanzu shiru. Jiya a wurin gwaji ba ta ja rawar ba, a kujera ta zauna hankicin a cinyarta, wata ce ta shiga gaba duk layin ya rikice. Na haɗu da Stoyan a lif ya ce min uwarsa ta daina cin abinci sosai, ta ce wataƙila ba za ta yi rawar ba, a matso mata da ranar tafiya. Ya ce bai san abin da ya same ta ba, likita ya ce jikin bai canza ba. Na yi tapau, wato na sa aka ƙunsa min miyar kazar da take so daga shagon ƙasa na kai, ya karɓa a bakin ƙofa ya ce tana barci, alhali ina jin tarinta.

Kina ganin ta gane? Ko ciwon ne ya motsa? Don Allah ki amsa min da wuri.

'Yarki,
Mubina


Gwammaja, Kano
3 ga Mayu, 2016

Mubina,

Wa'alaikumus salam. Ta gane. Kin sani, ni ma na sani. Shekara hamsin yatsanta yana bin wurin nan.

Ni ma ina da laifi. Na rubuta miki hanya biyu, ta farko layi ɗaya, ta biyu layi goma, sannan na ce ban zaɓa miki ba. Ashe na zaɓa. Na nemi gafarar Allah, ke ma ina neman taki.

Ki je wurinta. Kar ki kai abinci. Kar ki ɗauki Khaulah don ta sanyaya mata zuciya, ki bar ta wurin ubanta. Kar ki ce niyyarki alheri ce, ba ta tambaye ki niyya ba. Ki faɗi abin da kika yi, na farkon da na biyun, ki tsaya ki ji abin da za ta ce. In ta kore ki, haƙƙinta ne.

Ina jiran labari.

Gwaggonki,
Ɗelu


Wangsa Maju
23 ga Mayu, 2016

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shirun da na yi da kiranki da ban ɗauka ba. Ba ni da abin faɗa ne sai yanzu.

Na je ran Juma'a, kwana uku bayan takardarki, Stoyan yana wurin aiki. Da kanta ta buɗe. A tsaye na faɗa mata komai: rezar, sabon furen, Chow Kit, ruwan shayin, hannun hagun. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ina zaren?" Na ce yana shara tun makonni uku. Ta dafa bango ta yi wata doguwar magana da harshensu tana kuka, ban ji ko kalma ɗaya ba sai "mama". Sannan ta juyo da Turanci.

Ta ce, "Da kin faɗa min ranar farko da na yi kukan kwana ɗaya. Kin san abin da kika sa ni? Na taɓa wurin na ji ba shi ba ne, na kalle ki kina wasa da 'yarki, na ce Mubina ba za ta yi min haka ba. To in ba ke ba ce, ni ce. Kwana takwas ina shafa wurin nan ina cewa, Nevena, ido ya tafi, yanzu kai ma ya bi shi, kin manta hannun uwarki."

Gwaggo, ni da Alkasim ko sau ɗaya ba mu yi tunanin wannan ba. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu ta ce, "Fita." Na fita.

Kwana tara ban ga ko inuwarta ba. Ranar Lahadin waccan da hantsi aka ƙwanƙwasa, na buɗe na gan ta da rigar a hannu. Ta rame. Ta wuce ta zauna kusa da taga ta ce, "Cire naki. Yanzu, ina nan." Ta riƙe bakin hannun rigar, ni ina zare koren da tsinin allura. Kusan awa biyu muka yi a haka. Da na cire na ƙarshe sai farin wuri da 'yan ramuka. Na ce me zan sa a gurbin. Ta bi ramukan da yatsa ta ce, "Ba komai. Waɗannan dai uwata ce ta huda su." Na kawo shayi ba ta sha ba. Ta ɗauki rigarta ta tafi.

Jiya aka yi rawar. Ban shiga ba, a bakin ƙofar zauren na tsaya tare da mai gadi. Sun kawo mai busa gaida daga Singapore, da wani mai ƙatuwar ganga da ake dukan gefe ɗaya da makaɗi mai kauri, ɗaya gefen da siririyar tsumagiya. Matan sun sa fure a bayan kunne, azurfar ɗamararsu tana walƙiya. Mazan da jar ɗamara da hular fatar tumaki, a zafin garin nan, gumi har haɓa. Ana ta kallon ƙofar ciki, don har lokacin ba wanda ya tabbatar za ta fito.

Ta fito. Ta ɗaga hankicin da dama, ta miƙa hagun ga ta kusa da ita, farin wurin nan a fili kowa yana gani. Ta ja su suka zaga zauren sau uku. Da kiɗan ya yi sauri Stoyan ya matso zai riƙe ta, ta make masa hannu da hankicin, mutane suka yi ihu. Ƙafarta ko sau ɗaya ba ta saɓa wa gangar ba, ni kuwa ina ta addu'a kar ta faɗi. Ba ta faɗi ba. A zagaye na ƙarshe layin ya biyo ta bakin ƙofa, ta kalle ni sau ɗaya ta wuce. Ban san me kallon yake nufi ba.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ba ni da bakin tambaya. Jirginta farkon azumi ne.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Malam.

'Yarki,
Mubina


Wangsa Maju
14 ga Nuwamba, 2016

Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Baba Nevena ta rasu ranar biyu ga wata a ƙauyensu. Jiya Stoyan ya dawo. Ya ce da rigar aka binne ta.

Kin san yadda muka rabu a watan Yuni. Na taya su sauko da akwati, ta sumbaci Khaulah, ni kuma ta ba ni hannu kamar a ofis. Na ɗauka shi ke nan.

Stoyan ya shigo da ƙunshi ya ajiye a gaban Alkasim. Ya ce farin saƙi ne, na ƙarshe da ya rage a akwatin uwarsa, da jan zare da baƙi. Stoyan yana da 'ya a can gida, Elitsa, za ta yi aure baɗi, tana son riga irin ta kakarta. A ƙauyen babu sauran mai wannan surfanin, rigar kuma ta bi mai ita. Ya ce kwana biyar kafin uwarsa ta cika ta sa aka naɗe saƙin ta ce, "Ku kai wa Mubina. Ita kaɗai ta taɓa ƙirga furen nan zare-zare." Na tambaye shi ko ta ƙara wani abu. Ya ce a'a, iyakarta kenan.

Gwaggo, wannan yafiya ce? Ban ba shi amsa ba. Ƙunshin yana kan tebur, ko kwance shi na kasa yi.

'Yarki,
Mubina


Gwammaja, Kano
15 ga Nuwamba, 2016

Mubina,

Wa'alaikumus salam. Ki ce wa ɗanta wata tsohuwa a Kano tana yi masa gaisuwar rashin uwa.

Ko yafiya ce ban sani ba, mai amsar ta tafi. Aiki dai aka ba ki, ki karɓa. Ki sa yarinyar ta turo awon kafaɗarta da tsawon hannunta kafin almakashi ya taɓa saƙin, don ba shi da na biyu.

Allah ya ba ki sa'a.

Gwaggonki,
Ɗelu